Kwana uku a Berkeley, a kan sawun Darleane Hoffman

Na shafe shekaru ina koyar da ilmin sinadarai, kuma a duk tsawon lokacin nan akwai layi ɗaya a jadawalin sinadaran asali da nake tsallakewa ba tare da wani ya tuhume ni ba. Layin can ƙasa ne, inda lambobi suka haura 103, inda sunayen suke karya harshe, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da za a iya zubawa a kwalba a kawo aji. Idan wani ɗalibi mai yawan tambaya ya ɗaga hannu, sai in ce masa waɗannan ƙirar ɗan Adam ne, ba sa daɗewa, kuma ba za su fito a jarrabawa ba. Duka ukun gaskiya ne, amma a zuciyata na san amsar malalacin malami ce.

A watan Agusta na 2024 wani taron malamai ya kai ni San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. Da aka tashi taron sai ya rage mini kwana uku kafin jirgina, abokan tafiyata suka bazama kantuna neman tsaraba, ni kuwa na nufi Berkeley, garin da ke ƙetaren ruwa, inda aka ƙera da yawa daga cikin sinadaran da nake gudu. Mace ɗaya ce ta ja ni can, Darleane Hoffman, masaniyar sinadaran nukiliya. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da ita shi ne, babu wani sinadari a jadawalin da aka rubuta cewa ita ta gano shi, amma duk da haka ƙasarta ta ba ta lambar kimiyya ta ƙasa a 1997, kuma ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ta ba ta lambarta mafi girma, ta Priestley, a shekarar 2000, ita ce mace ta biyu da ta samu. Na so in ga wurin da ta yi aikin da ya jawo mata wannan girma, ko na fahimci wane irin aiki ne.

Jirgin ƙasan da ake kira BART na shiga, wanda yake nutsawa ƙarƙashin ruwan ya ɓullo a Oakland. Ban yi shirin sanyi ba, domin a lissafina Agusta lokacin zafinsu ne, ashe a wannan gaɓar teku hazo ne yake kwana a kan gari ya wuni har kusan azahar, da wata iska mai ratsa riga kamar ta tsakiyar hunturu. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Oakland ya tarbe ni, ya ara mini rigar sanyi, sannan ya ba ni labarin da ban so ji ba. Ɗakin binciken ƙasa na Lawrence Berkeley ba wurin da ake faɗawa kai tsaye ba ne, baƙo daga wata ƙasa sai ya nemi izini tun da makonni, kuma na nema tun ina gida, sai dai lambar tsohon fasfona na rubuta a takardar. Laifin nawa ne ni kaɗai. Ya ce mini, "Malam, sai dai a yi haƙuri, gyaran zai ci kwana biyu." Haka na wayi gari a gindin tudun, ina hangen gine-ginen a sama cikin hazo, ba ni da ikon hawa.

Harabar jami'ar kuwa a buɗe take ga kowa, don haka a can na kashe ranar farko. Na nemi ginin Gilman, wani tsohon gini mai launin toka, na hau har bene na ƙarshe inda ɗaki mai lamba 307 yake. Ƙaramin ɗaki ne, ba don allon tunawa da aka kafa ba da mutum zai wuce shi yana zaton ma'ajiya ce. A nan ne, a daren 23 ga Fabrairu 1941, Glenn Seaborg da Arthur Wahl da Joseph Kennedy suka tabbatar ta hanyar sinadarai cewa abin da ke hannunsu sabon sinadari ne mai lamba 94, wato fulutoniyom. Lambar nan adadin furoton ne da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, kuma ita ce take raba wannan sinadari da wancan. Haidirojin yana da ɗaya, zinariya 79, yuraniyom irin wanda ake haƙowa a Arlit yana da 92, kuma shi ne mafi nauyi da ake samu da yawa a cikin ƙasa. Daga nan zuwa sama sai dai mutum ya ƙera, ta hanyar harba wata cibiya a kan wata har su manne. Wahalar ita ce furoton duka caji ɗaya gare su, suna ture juna, don haka yawansu yana sa cibiyar ta kasa riƙe kanta, ta rushe. Ana auna saurin rushewar da lokacin da rabin ƙwayoyin suke ɗauka kafin su tafi, abin da zan kira rabin wa'adi. Na yuraniyom mafi yawa shekara biliyan huɗu da rabi ne. Na waɗanda suka haura 103 kuwa, galibi ana maganar daƙiƙoƙi ne ko abin da bai kai daƙiƙa ba.

Lokacin da ake wannan aiki a ɗaki na 307, Darleane Christian yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu a jihar Iowa. An haife ta ranar 8 ga Nuwamba 1926 a wani ƙaramin gari mai suna Terril, mahaifinta malamin lissafi ne kuma shugaban makaranta. Da ta shiga kwalejin jihar Iowa da ke Ames, zane-zane ta je karanta, amma aka wajabta mata darasin sinadarai a shekarar farko, wanda wata malama mai suna Nellie Naylor take koyarwa, kuma kafin shekara ta ƙare ta sauya fanni. Wannan ɓangare na tarihinta ya taɓa ni fiye da yadda na zata, domin darasin dole ga 'yan shekarar farko shi ne wanda mu malamai muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ta gama digirin farko a 1948, ta sami na dakta a 1951, ta auri Marvin Hoffman, masanin fiziya, ta yi shekara guda tana aiki a ɗakin binciken ƙasa na Oak Ridge, sannan ta bi mijinta zuwa ɗakin binciken makaman nukiliya na Los Alamos a jihar New Mexico, inda aka yi mata alkawarin gurbi a sashen sinadaran nukiliya.

Da ta isa, ofishin ɗaukar ma'aikata ya shaida mata cewa ba a ɗaukar mata a wannan sashe. Sai a wata liyafa ta haɗu da shugaban rukunin, Rod Spence, wanda ashe shi ma nemanta yake yi, aka warware maganar. Ko da aka warware, takardar izininta ta shiga wuraren sirri ta ɓace a hanya, ta zauna watanni tana jira a waje. A cikin watannin nan ne abin ya wuce ta. Ranar 1 ga Nuwamba 1952 Amurka ta tayar da bam ɗin haidirojin na farko a tsibiran Enewetak da ke tekun Fasifik, jirage suka ratsa gajimaren suka kwaso ƙura, kuma a cikin ƙurar masanan Berkeley da Argonne da Los Alamos suka tsinci sinadarai biyu da ba a taɓa gani ba, na 99 da na 100, waɗanda aka raɗa wa ainstainiyom da farmiyom. Rukunin da ya ɗauke ta aiki yana cikin masu tace ƙurar, ita kuwa tana bayan shinge. Ni da nake zaune a kan benci ƙarƙashin doguwar hasumiyar jami'ar ina jiran gyaran lambar fasfo, na yi dariyar kaina, domin jirana na kwana biyu ne kuma babu abin da zai wuce ni sai abincin rana.

Ta yi shekara talatin da ɗaya a Los Alamos, ta haifi 'ya'ya biyu ba ta bar aiki ba, kuma a 1979 ta zama mace ta farko da ta shugabanci wani sashen kimiyya a can. Ayyuka biyu ne na wannan zamani suka fi fitar da sunanta. Na farko neman fulutoniyom ne a cikin dutse. Akwai wani jinsinsa mai nauyin 244 (wato jimlar furoton da niwtiron, abokan zamansu marasa caji a cikin cibiya) wanda rabin wa'adinsa kimanin shekara miliyan 80 ne, sai ta yi tunanin cewa idan akwai shi lokacin da duniya ta kafu, ƙila ɗan burbushi ya saura. Lissafin yana da ban tsoro, domin a shekara biliyan huɗu da rabi an raba shi biyu fiye da sau hamsin. Ita da abokan aikinta suka tace abin da aka fitar daga kimanin kilo 85 na wani ma'adini daga mahaƙar Mountain Pass a Kalifoniya, suka aika ɗan abin da ya rage aka auna, kuma a 1971 suka ba da rahoton ƙwayoyin zarra kimanin miliyan 20. Adadin yana da girma a kunne, amma a nauyi bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram ba. Ya kamata in ƙara da cewa a 2012 wasu masana a Munich ta Jamus sun sake neman sa da na'urar da ta fi waccan gani, a cikin irin wannan ma'adini daga Sin, ba su same shi ba, don haka maganar ba ta zauna daram ba har yau.

Na biyun shi ne wanda ya tsaya da ƙafafunsa, kuma farmiyom ɗin da ya wuce ta ne ya dawo hannunta. Tun da aka gano tsagewar cibiya, abin da aka sani shi ne idan cibiya mai nauyi ta tsage, gida biyu take yi marasa daidaito, babba da ƙarami. Da ta auna farmiyom mai nauyin 257, wanda aka samo daga ɓaraguzan gwajin bam na ƙarƙashin ƙasa, sai ta ga sau da yawa yana rabuwa kusan daidai wa daida, kuma jinsunan da suka fi shi nauyi sun fi shi yin haka. Da farko an yi mata kallon wadda ta yi kuskuren awo. Dalilin abin kuwa yana da daɗin bayani ga wanda ya san Jos. Farmiyom furoton 100 gare shi, rabinsu 50, kuma 50 ita ce lambar kuza, ɗaya daga cikin lambobin da cibiya take samun cikakkiyar natsuwa a kansu. Cibiyar farmiyom mai nauyi tana karkata ne ga rabuwa ta zama kuza biyu, ko abin da ya yi kusa da haka.

A rana ta uku izinin ya fito. Na shiga motar ɗakin binciken daga tsakiyar gari, ta hau titin da ake kira Cyclotron, ta bi ta cikin bishiyoyin turare har ƙofa. A gefen tudun na ga garken awaki suna kiwo cikin shinge, aka ce mini hayarsu ake yi su cinye busasshiyar ciyawa saboda gobarar daji. Wata matashiyar mai bincike ce aka haɗa ni da ita, ta kai ni ginin da na'urar take. Sunan na'urar saikulotiron mai inci 88, wato faɗin maganaɗisunta ya ɗan haura mita biyu, tana aiki tun 1962, kuma jikanyar wadda Ernest Lawrence ya ƙirƙira ce a farkon shekarun 1930. Aikinta shi ne ta juya ƙwayoyi masu caji a da'ira, kowane zagaye tana ƙara musu gudu, har su kai kusan kashi ɗaya cikin goma na gudun haske, sannan ta sake su ta cikin bututu zuwa ɗakuna masu katangar kankare mai kauri, waɗanda ma'aikatan suke kira koguna. Ɗakin sarrafa ta ya ba ni mamaki, domin tsofaffin maɓallai da agogunan awo na zamanin da suna nan jere da allunan kwamfuta na yau.

A nan Hoffman ta dawo a 1984, ta zama farfesa a jami'ar, ta gaji Seaborg a shugabancin rukunin sinadarai masu nauyi, tana da shekara hamsin da bakwai, lokacin da wasu suke fara lissafin fansho. Tambayar da ta sa a gaba ita ce wadda ni ban taɓa yi wa kaina ba. Tun 1869 da Dmitri Mendeleev ya tsara jadawalin, ƙa'idarsa ita ce sinadaran da ke jere daga sama zuwa ƙasa a gida ɗaya halinsu ɗaya ne, kamar 'yan ɗaki ɗaya. To amma idan furoton suka yi yawa, suna jan ilektiron na kusa da su, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaya cibiya, da ƙarfin da yake sa su gudu kusa da gudun haske, kuma a irin wannan gudu ka'idar Einstein tana shigowa, nauyinsu ya ƙaru, da'irarsu ta tsuke, tsarin na waje ya gurɗe. Su na wajen nan kuwa su ne suke yanke halin sinadari. Wannan ne ya sa zinariya take rawaya, zaiba kuma take ruwa. Idan abin ya kai haka a lamba 79 da 80, me zai faru a 105? An ajiye shi a ƙarƙashin nayobiyom da tantalom, ƙarafan nan biyu da ake samu a ma'adinin kwalambait na tudun Jos, amma lissafi ne ya ajiye shi a can, babu wanda ya taɓa jarraba shi cikin ruwa ya ga ko ɗan gidan ne.

Mai rakiyata ta tsaya a wani lungu ta bayyana mini yadda aka yi a 1987, kuma a nan ne na gane abin da na zo nema. Ana harba iskar oksijin mai nauyin 18 a kan ɗan fallen barkeliyom, sinadari na 97, kuma cikin harbi marar iyaka sai can ba a rasa ba guda ta manne, a sami ƙwaya ɗaya ta sinadari na 105, mai rabin wa'adin daƙiƙa 34. Iskar hiliyom mai ɗauke da ƙurar gishiri ce take kwaso abin da ya fito, ta bi da shi ta siririn bututu ta zube a kan ɗan faifan gilashi. Daga nan sai hannun mutum. Ɗalibi zai ɗauki gilashin, ya turara shi da asid, ya wanke, ya busar, ya sa a gaban na'urar ƙirga, duk cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, kuma mafi yawan lokuta babu komai a kan gilashin tun farko. An san nayobiyom da tantalom suna maƙalewa a gilashi bayan irin wannan wanki, maƙwabtansu na gidan da ke gefe kuwa ruwa yana tafiya da su. Don haka tambayar ta zama mai sauƙin faɗa: ƙwayar ta maƙale ko ta tafi? Hoffman da ɗalibanta, cikinsu har da Ken Gregorich, suka maimaita wannan fiye da sau 800, suka tara 'yan ƙwayoyin da ba su wuce gommai ba, kuma amsar ita ce ya maƙale. Gwaji na gaba ya nuna bai bi tantalom, wanda yake daf da shi a sama, a kowane hali ba, kuma aikin da suka yi daga baya da masanan Jamus ya nuna wani lokaci ya fi kama da nayobiyom. Ɗan gidan ne, amma yana da nasa halin.

Na tambayi mai rakiyata yadda ake sanin ƙwaya ɗaya ita ce, tunda ba a ganinta. Ta ce ba a sanin ta sai ta mutu. Idan cibiyar ta rushe tana tofar da wani ɗan gutsure da ake kira alfa, da ƙarfin da ya keɓanta da ita, abin da ya rage kuma ya zama sinadari na 103, wanda shi ma bayan kimanin daƙiƙa huɗu zai tofar da nasa. A bakin masu aikin, ta farkon uwa ce, ta biyun 'ya. Idan aka ga 'yar da aka riga aka sani ta fito a wuri ɗaya, a lokacin da ya dace, sai a tabbatar da uwar. Da irin wannan bin salsala, da na'urorin da suka maye gurbin hannu, aka ci gaba zuwa sama, kuma rukunin Berkeley yana cikin waɗanda suka jarraba na 107 a Suwizalan da ƙwayoyi shida, da na 108 a Darmstadt ta Jamus da ƙwayoyi bakwai.

Aikin da ya fi sa ake ambatonta a jaridu shi ma na shaida ne. A 1974 rukunin Albert Ghiorso ya ba da sanarwar sinadari na 106, amma aka yi kusan shekara ashirin ba shi da suna, domin a wannan fanni da'awar mutum ɗaya ba ta isa, kamar dai ganin jinjirin wata, sai wani ya fito ya ce shi ma ya gani. A lokacin kuwa ana tsakiyar jayayya tsakanin Berkeley da cibiyar bincike ta Dubna a Tarayyar Sobiyet kan wanda ya riga wani, har sinadari ɗaya yana yawo da suna biyu. Na 105 ɗin nan mutanen Berkeley sun daɗe suna kiransa haniyom, don tunawa da Otto Hahn. A 1993 rukunin Hoffman ya maimaita gwajin 106 a wannan na'ura, ya ga uwa da 'ya kamar yadda aka faɗa, hanya ta buɗe aka ba shi sunan Seaborg. Ƙungiyar IUPAC ta duniya, mai tabbatar da sunayen sinadarai, ta fara ƙi, wai ba a raɗa wa sinadari sunan mai rai, sai a 1997 ta amince, a cikin sulhun da ya mayar da 105 dubniyom. Seaborg ya rayu ya ga sunansa a jadawali kafin rasuwarsa a Fabrairun 1999.

Akwai tambayar da na yi ta jinkirin yi don kada in zama baƙon da ya ci tuwo ya zagi miya, amma da muka isa gaban na'urar da take tace sababbin ƙwayoyi daga tarkace sai na yi ta. Mai rakiyata ba ta ɓata rai ba, ta ce kowane sabon ɗalibi ana ba shi labarin. A watan Yuni na 1999 rukunin Berkeley ya sanar wa duniya cewa ya ƙera sinadari na 118 ta hanyar harba kiripton a kan darma, ya ga ƙwayoyi uku, kuma sunan Hoffman yana cikin masu takardar. Jamusawa suka gwada ba su gani ba, Japanawa da Faransawa ma haka, su kansu mutanen Berkeley suka sake ba su gani ba. Da aka koma ainihin bayanan da na'ura ta naɗa, sai aka tarar ƙwayoyin ba su taɓa kasancewa a ciki ba. A 2001 aka janye da'awar, kwamitin bincike ya kammala cewa mutum ɗaya da yake tace bayanan ne ya ƙirƙire su, aka sallame shi a 2002, ko da yake shi ya musanta. Kwamitin bai kyale sauran ba, ya yi mamakin yadda babu wanda ya koma ya duba tushen da idonsa. A ganina wannan zargi ya hau kanta kamar yadda ya hau kan kowa a takardar, kuma ya fi ciwo a wurinta, domin macen da ta yi suna da tantance shaidar wasu ce ta karɓi ta abokin aiki ba tare da ta nemi ta biyu ba. Abin da zan faɗa a madadinsu shi ne, su da kansu suka tono ɓarnar suka kuma shelanta ta. Na 118 na gaskiya a Dubna aka ƙera shi tare da masanan Livermore ta Amurka, aka sanar a 2006, kuma a 2016 aka ba shi sunan Yuri Oganessian.

Na yi sa'ar lokaci, domin wata guda kafin zuwana wannan gini ya sake shiga labarai. Sinadarai na 114 zuwa 118 duk da kalsiyom mai furoton 20 aka ƙera su, amma hanyar ta ƙure, tunda babu abin harbi da ya haura kalifoniyom mai 98 da ake da shi da yawa. Sai rukunin da Jacklyn Gates take jagoranta ya gwada titaniyom mai furoton 22, suka yi kwana 22 suna harbi, suka sami ƙwayoyi biyu na sinadari na 116. Biyu kacal, amma sun isa su nuna cewa titaniyom zai yi aiki, kuma idan aka harba shi a kan kalifoniyom lissafi yana ba da 120, wanda zai buɗe sabon layi a jadawali. Abin da suke hange tun shekarun 1960 shi ne wani yanki kusa da furoton 114 da niwtiron 184, inda ake sa ran cibiyoyi za su daɗe, wanda suke kira tsibiri. Na tambayi abin da aka harba titaniyom ɗin a kansa, mai rakiyata ta ce fulutoniyom mai nauyin 244, irin wanda Hoffman ta nema a dutsen Mountain Pass, sai dai wannan a murhun nukiliya aka ƙera shi.

Da na fito hazo ya washe, ana hangen gadar Golden Gate da dukan ruwan daga bakin ginin. A lokacin Hoffman tana raye, tana da shekara 97, shekara guda bayan an ba ta lambar Enrico Fermi, kuma ban nemi ganinta ba, domin ba ni da wata hujjar damun tsohuwa da tambayoyin da ta riga ta amsa a rubuce. Na sauko da ƙafa, na mayar wa ɗalibina rigarsa, na kama jirgin ƙasa zuwa filin jirgin sama. A watan Satumba na 2025 na ga labarin rasuwarta, tana da shekara 98.

A makon da ya biyo baya na shiga aji da kwalin faya-fayan gilashi da agogon awon gudu da na aro daga malamin wasanni. Na ɗiga ruwan gishiri a kan kowane faifai, na ce kowane ɗalibi ya ɗauka da hantsaki, ya wanke sau biyu, ya busar, ya ajiye a kan tebur kafin minti ɗaya ya cika, ni kuma ina kiran daƙiƙa ta 34 da ƙarfi don su san rabin abin da ke hannunsu ya tafi. Wadda ta fi kowa sauri ta gama a minti ɗaya da daƙiƙa ashirin, an fasa mini gilashi huɗu, kuma wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya tambaya ko wannan zai fito a jarrabawa.